Sanin Doka: Mai gida ya ce mu tashi, alhali kuɗinmu bai ƙare ba

 Wasiƙar wannan mako ta fito daga wata ɗaliba 'yar aji biyu a babbar sakandare, wadda asalin gidansu ke mazaɓar Gayam, a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Kawu, rashin tsaro ne ya taso mu daga ƙauye muka dawo cikin gari, Babanmu ya kama hayar ɗaki biyu. Bana ya sayar da masara ya biya kuɗin shekara cif, a gaban dillali, amma ba a ba shi takarda ba. Yanzu wata bakwai ke nan, sai mai gidan ya ce ya sami wanda zai ba shi fiye da haka, mu tashi ƙarshen wata, in ba haka ba zai cire ƙofa. Ni ce mai karanta wa Baba takardu. Me zan gaya masa?"

'Yata, Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Tambayarki ta gidaje da yawa ce, don iyalai masu ɗimbin yawa daga Gayam, Kuyello, Randagi, Dogon Dawa da Kakangi sun bar gidajen gado sun koma zaman haya, abin da wasunsu ba su taɓa yi ba a rayuwarsu. Wanda ya tashi a gidan kakansa bai saba da neman rasit ba.

Abu na farko da za ki gaya wa Baba shi ne ya kwantar da hankalinsa. Yarjejeniyar haya ta shekara ɗaya da aka ƙulla da baki ita ma yarjejeniya ce, kotu tana sauraron ta. Matsalarta ɗaya: tabbatar da ita. Saboda haka tun yau ku tattara hujja. Dillalin da aka biya a gabansa shaida ne, kuma ya karɓi la'adarsa, ke nan ya san ranar da adadin. In ta waya aka tura kuɗin, saƙon banki hujja ne. In maƙwabta sun san ranar da kuka shigo, su ma shaidu ne.

Na biyu, wanda ya biya shekara ya sayi zaman shekara. Muddin ɗan haya bai saɓa sharaɗi ba, mai gida ba shi da ikon yanke wa'adin a tsakiya don kawai wani ya ƙara masa kuɗi. Ƙarin kuɗin haya sai lokacin sabuntawa ake tattauna shi, kuma ɗan haya yana da zaɓi ya amince ko ya nemi wani wuri.

Na uku, ko wa'adin ya ƙare, fitar da ɗan haya yana da matakai. Kowace jiha da dokarta, amma tsarin ya yi kama da juna. A dokar karɓe gida ta Abuja da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, in babu wani wa'adi da aka rubuta a yarjejeniya, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata notis na wata guda, mai zaman shekara-shekara kuwa wata shida. In notis ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai mai sanar da shi cewa za a kai maganar kotu. Daga nan alƙali ne zai saurari kowa ya yanke hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke zartar da shi.

Cire ƙofa, kwance kwanon rufi, yanke wuta, watsa kaya waje ko turo 'yan daba, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma mai gidan da ya yi haka shi zai koma wanda ake ƙara. Ku riƙe wannan misali don jarrabawar ilimin zama ɗan ƙasa. Gwamnatin soja ta Jihar Legas ta taɓa tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi, alhali maganar gidan tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da wannan aiki, ta nuna cewa ko gwamnati ba ta da hurumin yanke wa kanta hukunci da ƙarfin tuwo. Abin da aka hana gwamna, ai ba za a halasta wa mai ɗaki biyu ba.

To yaya za ku yi a aikace? Kada Baba ya yi cacar baki, kada kuma yayyenki maza su ce za su tare ƙofa da sanda. Ya ɗauki dillalin su je wurin mai unguwa ko limamin unguwa a zauna da mai gidan. Sau da yawa a nan magana ke mutuwa, don ba mai son a ce ya ci kuɗin ɗan gudun hijira. Duk abin da aka daidaita a kai, ke ki rubuta shi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. In Baba da kansa ya ga gara ya tashi don gudun fitina, to a dawo masa da kuɗin wata biyar da suka rage kafin ya miƙa makulli. In sulhu ya faskara, akwai kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 don talakawa.

Kada ku ɗauka mai gida kullum shi ne azzalumi. Akwai gwauruwar da ɗakunan haya huɗu ne abincin marayunta. Akwai tsohon da ya zuba duk kuɗin sallamarsa a ginin. Su ma suna da haƙƙi: a biya su a kan lokaci, kada a ɓata musu gini, kada a fasa bango ko a ƙara ɗaki ba da izininsu ba, kada a sa wani ɗan haya a ciki a ɓoye, kada a mai da ɗakin kwana wurin ajiye fetur. Ɗan hayar da ya ƙi biya ya kuma ƙi tashi, shi ma zalunci yake yi, kuma kotu za ta fitar da shi ta sa ya biya bashin.

Maganin duk wannan tun ranar farko ake shan sa, wato takarda. Wasu na jin kunyar nema, wai kada a ce ba su yarda da mutum ba. Ku tuna wa iyayenku cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta a haya cewa a san kuɗin, a san tsawon lokacin. Rubutu yana tsare zumunci.

Takardar ba sai lauya ya tsara ta da Turanci mai wuya ba. Ko da Hausa ce, a fallen littafin rubutu, ta ƙunshi waɗannan:

1. Cikakken sunan mai gida da na ɗan haya, da unguwa da kwatancen gidan, da adadin ɗakuna.
2. Kuɗin haya, a rubuta shi da lamba da kuma kalmomi.
3. Ranar farawa da ranar ƙarewa.
4. Wa zai biya kuɗin wuta, ruwa da yashe shadda, wa kuma zai gyara yoyo in damina ta sauka.
5. Tsawon notis in wani ɓangare na son rabuwa ko ƙarin kuɗi.
6. Sa hannun su biyu da na shaidu biyu, da kwanan wata.

A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. A ɗauki hoton takardar da na rasit a waya, don 'yar takardar nan ta masu POS takan goge cikin 'yan watanni. Kafin a biya ko sisi, a tambayi maƙwabta a tabbatar wanda ake ba kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. Wannan darasi zai yi muku amfani nan ba da daɗewa ba, ranar da za ku nemi ɗaki a Samaru kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Tudun Wada kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Aikin gida: in a haya kuke, ku tambayi Baba ko Mama cikin ladabi yaushe kuɗinku zai ƙare, kuma ina rasit ɗin yake. In babu, ku rubuta samfuri guda bisa jerin nan shida ku nuna musu. Ke kuma 'yata, ki gaishe da Baba, ki rubuto mana yadda aka ƙare a zauren mai unguwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.