Kafin mu sake ɗauko DJ a Ranar Al'adu, ku ji labarin wasu 'yan uwa biyu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke nan Ibadan. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta kafin taronmu na Asabar.

Abokin ɗakina ɗan Owerri ne. Duk daren da na zauna gyaran babi na uku na kundin mastas ɗina, wanda supabaiza ya dawo min da shi har sau biyu, shi kuma sai ya kunna kiɗa a hankali. Da farko na ɗauka tsofaffin faya-fayen babansa ne. Ran nan na ce masa, "Wai wannan dattijon yana raye kuwa?" Sai ya fashe da dariya. Ashe samari ne sa'o'inmu, wa da ƙani, ana kiransu The Cavemen.

Tun daga ranar na shiga bin labarinsu. Kingsley Okorie shi ke kaɗa jitar bes, Benjamin James kuma yana kan ganguna. 'Yan asalin jihar Imo ne, a coci suka fara koyon kiɗa tun suna yara. Kingsley ya karanta lauya a Babcock, ya kuma yi makarantar horar da lauyoyi a Kano, wato ya sha ruwan garinmu ma. Benjamin ya yi makarantar kiɗa ta Peter King da ke wajen Badagry. A 2018 suka haɗu suka kafa ƙungiyar. A lokacin kowa ya karkata ga afrobit da kiɗan kwamfuta, su kuwa sai suka waiwaya baya suka ɗauko hailaif, kiɗan da ya taso daga Gana, ya zauna daram a ƙasar Ibo ta hannun su Osita Osadebe, Oliver De Coque da Celestine Ukwu.

Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda suka yi aikin. Babu wani katafaren kamfani da ya ɗauke su ya ce ga yadda za su yi. Kundinsu na farko, Roots, a falon gidansu suka naɗe shi, ya fito a Agustan 2020, ana tsakiyar korona. Yawancin waƙoƙin da harshen Ibo ne, ba su ji kunyar hakan ba. Kundin ya ci kyautar Headies, a 2021 kuma suka fitar da Love and Highlife. Kafin nan ma sun yi aiki da Lady Donli a kundinta na 2019, ita da take sako Hausa a wasu waƙoƙinta. Yau ɗalibai Yarbawa da ba su jin ko kalma ɗaya ta Ibo suna bin amshin. Ni kaina Bahaushe, na kama kaina ina gyaɗa kai.

To me ya kawo wannan cikin maganar Ranar Al'adu? A zaman kwamiti na makon jiya na kawo shawarar a rage kuɗin DJ, mu je Sabo mu nemo mai kalangu na gaske. Wallahi sai aka yi min dariya. Wani ya ce za mu ba da kanmu a gaban 'yan Kudu, wai ƙauyanci ne. Wani ya ce maroƙa za su cika mana wuri. Na yi shiru a lokacin, amma abin ya kwana a raina.

Ku duba fa. Abokin ɗakina yana iya lissafo min mawaƙan da iyayensa suka saurara, ya gaya min wane ne ya yi tasiri a kan wane. Mu kuwa? Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Na tambayi ƙannenmu 'yan aji ɗaya su huɗu bambancin kuntigi da gurmi, babu wanda ya sani. Ɗayansu bai taɓa jin sunan Haruna Uji ba. Kotson Ɗanƙwairo, kukumar Ahmadu Doka, ƙwaryar amada ta su Barmani, duk sun koma abin da ake ji a rediyon kaka. Kuma ban ga laifin yaran ba, mu da muka girme su me muka nuna musu?

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a daina sauraron mawaƙanmu na zamani ba, ni ma suna cikin wayata, kuma akwai irin su Aminu Ala da suka san darajar magabata. Na kuma san akwai 'yan uwa da ba sa sauraron kiɗa sam saboda fahimtarsu ta addini, ina girmama matsayinsu, ba da su nake ba. Da mu nake, mu da za mu biya kuɗi a kunna mana kiɗa har dare, amma kalangu ne kaɗai ya zama abin kunya.

Maganar roƙo kuma, gaskiya ne, a wajenmu an ɗaure kiɗa da gado da roƙo, shi ya sa ɗan boko ke gudun a gan shi da ganga. Amma ga mai digirin lauya ya rataya jita, bai ragu da komai ba. Su Cavemen ba kwaikwayon tsofaffi kawai suka yi ba. Sun zauna sun koyi kayan kiɗan da hannunsu, sun saurari magabata har abin ya shiga jikinsu, sannan suka yi nasu. Wannan zaman koyon shi ne ba mu yi. Muna son sautin kalangu a cikin kwamfuta, ba ma son zama gaban mai kalangun. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga abin da zan sake kawowa ranar Asabar. A bar DJ ya yi rabin lokaci. Sauran kuɗin a gayyato makaɗi daga Sabo, a biya shi hakkinsa cikin mutunci tun kafin ya hau, ba sai ya jira liƙi ba. A ba shi minti 20 ya yi mana bayanin take-taken da yake kaɗawa, wanne na mahauta ne, wanne na 'yan dambe. 'Yan sashen aikin jarida su ɗauka a bidiyo mu ajiye. Ni na ɗauki nauyin zuwa Sabo ranar Juma'a bayan masallaci, mai son rakiya ya yi min magana.

Abokin ɗakina ya riga ya ce zai zo da mutanensa, wai yana son ya ji namu Osadeben. Ban san me zan ce masa ba idan ya zo ya tarar da abin da yake ji kullum a kulob.

Wanda bai yarda da ni ba, ya zo taron mu yi ta a fili. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya mai da mu gida lafiya.