Daga rajista zuwa kwamfuta: wa zai koya wa nas-nas na Gwarzo da Kabo?

Duk ƙarshen wata, a ƙananan asibitocin Getso da Kutama da Lakwaya a ƙaramar hukumar Gwarzo, da na Garo da Gude da Godiya a Kabo, akwai wani aiki da marar lafiya bai san ana yi ba. Bayan an sallami masu awo, an rufe akwatin allurar rigakafi, sai a baje manyan rajistoci a kan tebur: ta masu zuwa a duba su su koma gida, ta awon ciki, ta ɗakin haihuwa, ta rigakafin yara, ta tazarar haihuwa. A bi layi-layi ana ƙirgawa, a juye jimilla a takardar rahoton wata, in-caji ya sa hannu, a hau babur a kai sakatariya. A can ne jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma zai buɗe kwamfuta ya zuba alƙaluman cikin DHIS2, manhajar da Najeriya ta mayar rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Daga nan Kano ta gani, Abuja ta gani, masu ba da tallafi daga ƙetare su gani.

Wadda ta cike rajistar kuwa, sau da yawa ba ta taɓa ganin fuskar manhajar ba.

A nan gizo yake saƙar. Ana ta maganar mayar da asibitocin Najeriya kan kwamfuta, kuma maganar ba sabuwa ba ce. Akwai tsarin ƙasa na fasahar sadarwa a harkar lafiya da aka rubuta domin 2015 zuwa 2020, sannan a 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da wani sabon shiri da ke son kowane marar lafiya ya samu fayil na kwamfuta wanda zai bi shi duk asibitin da ya je. Buri ne mai kyau. Sai dai duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibitin Gwarzo, ko wani asibitin gwamnati irinsa, ya san wanda ke riƙe da biro dare da rana. Likita zai zaga ya wuce. Nas ce ke auna zafin jiki da hawan jini, ita ke rubuta lokacin da aka yi allura, ita ke miƙa bayani ga mai karɓar aiki da safe. Ranar da aka ɗauke biro aka kawo kwamfuta, hannunta ne zai taɓa ta. Amma ita ce ta ƙarshe da ake tunawa idan an zo rabon horo.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage, shi ya sa uzurin rashin sani ba zai karɓu ba. A lokacin yaƙi da shan-inna, an riƙa ba masu zagayen rigakafi wayoyin da ke nuna duk lungun da suka taka, har aka gano ƙauyuka da rugagen da ba sa kan taswirar kowa. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke da babban ofis a Kano, ta yi wannan aiki tare da gwamnati, kuma ta samar da manhajar LoMIS ta sa ido kan alluran rigakafin da suka rage a ma'ajiya. A Kano aka fara gwada sashen rigakafin yara na DHIS2 a 2014 kafin a baza shi sauran jihohi. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma jami'an sa ido kan cututtuka suna da SORMAS, manhajar da aka ƙirƙiro bayan annobar Ebola ta 2014 da haɗin gwiwar hukumar NCDC da wata cibiyar bincike ta Jamus.

To, duk waɗannan kayan aiki a hannun wa suka zauna? A hannun jami'an shiri: na rigakafi, na sa ido, na ƙididdiga, da matasan da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka haya domin shigar da bayanai. Sashen masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV ya daɗe da fayil na kwamfuta a asibitoci da dama, da manhajoji irin su LAMIS da NMRS, amma galibi kuɗin tallafi ne ke biyan masu buga bayanan. Da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje a Janairun 2025, shirye-shirye da yawa suka tsaya cak, aka sallami ma'aikata, kowa ya ga haɗarin jingina ƙwarewa a kan mutumin da albashinsa ke zuwa daga wata ƙasa. Nas ɗin gwamnati ita ce ba ta tafiya idan shiri ya ƙare.

Hanyar da aka saba bi wajen horarwa ma abin dubawa ce. A kira bita ta kwana uku a wani otal a Kano ko Kaduna, a gayyaci in-caji da shugabannin sashe, a raba jaka da kuɗin mota, a ce su koma su koyar da na ƙasa da su. Wanda ya je bitar ba shi ne ke kwana a ɗakin haihuwa ba, kuma kafin shekara ta zagayo an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da lambar sirrin shiga manhajar a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wurin gyara shi ne makaranta. Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar Kano tana da makarantu a birni da Madobi da Ɗanbatta da Gezawa, Gwarzo ma ta samu nata rabon. Akwai makarantun fasahar lafiya na Kano da Bebeji da ke yaye jami'an lafiya na al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkara. Akwai sashen nazarin aikin jinya a Jami'ar Bayero. Ɗaliban waɗannan makarantu ba jahilan na'ura ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya, majalisar da ke ba nas-nas da ungozomomi lasisi a Najeriya ma ta bi sahu a jarrabawarta. Da wuya a samu ɗalibar da ba ta iya WhatsApp da tura kuɗi ta waya ba.

Amma zaɓar amsa tsakanin A da D daban, rubuta bayanin marar lafiya daban. Darasin kwamfutar da ya tsaya kan haddace sunayen sassan na'ura da tarihin ƙirƙirarta bai shirya kowa tsayuwa a gaban mai naƙuda ba. Abin da ɗaliba ke buƙata shi ne ta yi wa mai ciki rajista a manhaja da hannunta, ta shigar da awo huɗu a jere, ta ga yadda hawan jini ke tashi a zane, ta yi kuskure ta rubuta nauyin jariri kilo 32 maimakon 3.2, ta gano, ta gyara, ta kuma fahimci cewa manhajar na ajiye sunan wanda ya gyara da lokacin da ya gyara. Ta san abin yi idan sabis ya ɗauke a tsakiyar aiki, ta san takardar da za ta koma kanta idan batir ya mutu, da yadda za ta mayar da bayanin daga baya ba tare da an ƙirga mutum ɗaya sau biyu ba.

Wannan ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. DHIS2 kyauta ce. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, tushenta kuma aikin da aka fara a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Tana da dandalin gwaji a intanet mai ɗauke da bayanan ƙirƙira, inda kowa zai iya shiga ya koya ba tare da ya ɓata komai ba, tana kuma da manhajar wayar Android da ke aiki ko babu sabis, ta tura bayanai idan ya dawo. OpenMRS, wadda aka fara a Kenya a 2004, ita ma kyauta ce. Ɗaki ɗaya mai sola da kwamfutoci masu aiki, da malamin da shi kansa ya taɓa aiki da manhajar a asibiti, sun isa a fara. Malamin ne mai wuyar samu, kuma a kansa ya kamata kuɗin farko ya tafi.

Akwai kuma abin da ya fi danna maɓalli muhimmanci, wato ɗaliba ta yarda cewa lambar da ta rubuta tana da amfani ga wanda ke kwance a gabanta. Misali mafi kusa yana nan Kano. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Maimakon ungozoma ta kalli zani ta yi kirdadon jinin da mai jego ta zubar, sai aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin ta nuna adadinsa. Da zarar ya kai iyaka, a haɗa magunguna da sauran matakai a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Babu kwamfuta a jikin ledar, amma darasin ɗaya ne: ungozomar da ta auna, ta karanta, ta yi aiki da abin da ta karanta nan take. Ita ce za ta ci moriyar manhaja. Wadda aka saba mata da cike gurbi domin kada mai duba aiki ya yi faɗa, ko an ba ta kwamfuta abin da za ta ci gaba da yi ke nan, sai dai yanzu ƙaryar za ta isa Abuja da sauri.

Shi ya sa dole bayanin ya riƙa dawowa inda ya fito. Idan nas a Durun ko Masanawa za ta iya buɗe waya ta ga yara nawa suka karɓi allurar farko ta rigakafin cututtuka biyar ba su dawo ta uku ba, ta san unguwar da za ta aika wa mai unguwa saƙo. Idan ta ga mata na zuwa awon farko da yawa amma kaɗan ke haihuwa a asibiti, tana da abin faɗa a taron kwamitin ci gaban mazaɓa. Florence Nightingale, wadda ake karanta wa kowace ɗalibar jinya tarihinta, da zanen alƙaluma ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji a Kirimiya, har aka karɓe ta cikin ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan a 1858. A aji an fi ba da labarin fitilarta.

Sai batun sirri, wanda a gari kamar Kabo ya fi na birni nauyi, domin mai jinya da wadda ake jinya sukan haɗu a gidan biki ɗaya. Ɗaukar hoton sakamakon gwaji a tura wa likita ta WhatsApp ya zama ruwan dare, kuma gaskiya yana ceton lokaci. Amma hoton na zaune a wayar da ƙane ko miji zai iya ɗauka. Ba da lambar sirri ga abokin aiki "ya taimaka ya shigar" shi ma an ɗauke shi kara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan marar lafiya ba da izini ba, dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Ɗalibar da ta fita makaranta ba ta san wannan ba, an tura ta aiki da rami a gabanta.

Masu suka za su ce ana maganar kwamfuta a inda wutar KEDCO ba ta da tabbas, a inda ma'aikaciya ɗaya ke duba awo ta karɓi haihuwa ta ba da magani. Suna da gaskiya, kuma manhajar da aka ɗora a kan rajista ba tare da an soke rajistar ba aiki biyu ce, ya kamata a ƙi ta. Wasu kuma za su ce duk nas ɗin da ta ƙware za ta tsallake zuwa Ingila ko Saudiyya. A Fabrairun 2024 magatakardan majalisar nas-nas na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Adadin na da ban tsoro, amma albashi da yanayin aiki ne ke korarsu, kuma rage wa waɗanda suka zauna ilimi ba zai tsayar da ko ɗaya ba. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi alƙawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000, an kuma faɗaɗa gurbin ɗaukar ɗalibai. Aji na cika, saboda haka abin da ake koyarwa a cikinsa ya ƙara muhimmanci.

Gwarzo da Kabo mazaɓar ɗan majalisar tarayya ɗaya ce, kowace da mazaɓun kansila 10. Ƙaramin fili ne da za a iya gwada abu a ga sakamako. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha za ta iya ba ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki damar zama da jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma a makon haɗa rahoto, su bi takarda tun daga teburin awo har cikin manhaja. Kwalejin za ta iya sa shigar da bayanai cikin gwajin aikin hannu, a ba shi maki kamar yadda ake ba ɗaura ruwa da wankin ciwo. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa, mai karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, yana tura kuɗin gudanarwa kai-tsaye zuwa asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu, jihar kuma tana da nata asusun KHETFUND. Daga cikinsu ya kamata kuɗin data da gyaran sola su fito a rubuce, domin a daina barin nas tana sayen data da albashinta don ta tura rahoton gwamnati.