Ranar Hukunci Ba Ta Hannun Mai Wa'azi

Wani ra'ayi ya yi jijiya a majami'u da dama na Najeriya, wanda ke cewa duk wanda ya tsaya wa mai bi a hanya, Allah zai kayar da shi tun a nan duniya, kuma aikin mai bi shi ne ya gaggauta faɗuwar da addu'a. Shi ya sa a taron addu'ar dare ake ganin jama'a suna buga ƙafa a ƙasa, gumi na zuba, ana kiran wuta a kan maƙiyi, wanda sau da yawa bai wuce uwar miji ba, ko abokin aiki da ya sami ƙarin girma. Idan ɗaya daga cikin waɗannan maƙiya ya kwanta ciwo, ranar Lahadi sai a fito ba da shaida ana tafi.

Ra'ayin yana da tsohon tarihi. Ayyukan Manzanni sura 12 ta danganta mutuwar Hirudus Agaribas, wanda ya kashe manzo Yaƙub, da hukuncin Allah, kuma bayan shekara ta 313, da aka daina tsananta wa Kiristoci a daular Rum, marubuci Laktantiyus ya rubuta littafi sukutum kan mugun ƙarshen sarakunan da suka gallaza wa Ikilisiya, irin su Galeriyus da cuta ta cinye a 311. Matsalar wannan lissafi ita ce yana tsince misalan da suka yi masa daɗi, ya kau da kai daga sauran. Gwamnatin Idi Amin ta kashe Babban Bishop Janani Luwum a Uganda a Fabrairun 1977, amma Amin ya rayu har 2003, inda ya mutu da tsufansa a asibiti a Jidda.

Yesu Almasihu da kansa ya ƙi wannan lissafi. A Luka sura 13 ya musanta cewa Galilawan da Bilatus ya kashe, ko mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, sun fi sauran mutane zunubi, kuma a sura 9, da Yaƙub da Yohanna suka nemi a saukar da wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, tsawata musu ya yi. Bulus ya tabbatar wa Tasalonikawa cewa Allah zai sāka wa masu ƙuntata musu, amma ya ɗaure wannan sakayya da ranar bayyanar Almasihu, sannan ya umarci Romawa su bar ramuwa ga Allah su ciyar da maƙiyi idan yana jin yunwa. Bayan an wawashe birnin Rum a 410, Ogustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya bayyana dalilin jinkirin hukuncin Allah: da ana hukunta kowane laifi a fili yanzu, da an ɗauka babu abin da ya rage wa ranar ƙarshe.

Akwai kuma batun tuba, wadda addu'ar wuta ke rufe wa ƙofa. Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, alhali Shawulu na tsaye yana tsaron tufafinsu, kuma wannan Shawulun ne ya zama manzo Bulus.

Ɓarnar wannan koyarwa ta fi faɗawa kan waɗanda aka zalunta da gaske. Gwauruwar da ta binne mijinta bayan wani hari a Filato ko Kudancin Kaduna, idan aka yi mata alkawarin cewa makasan za su faɗi kafin shekara ta zagayo, sannan ta gan su suna yawo a kasuwa, bangaskiyarta ce za ta girgiza. Abin da take bin Ikilisiya bashi shi ne abinci, kuɗin makarantar marayunta, da fastocin da za su matsa wa hukuma lamba har a gurfanar da makasan gaban alƙali. Mai wa'azin da ya maye gurbin waɗannan da sanar da ranar mutuwar maƙiya ya hau kujerar da ba a ba shi ba.