Ramin Noti Da Gaggawarmu

Makalar wannan makon daga rumfar bakanike ta fito.

Duk wanda ya taɓa sauke injin babur ya san yadda muke yi. Mu sayo fistin da ringi da sabon gasket, mu zauna a benci muna duba agogo, muna cewa, "Oga, a yi sauri, yau ko balas ba mu haɗa ba." Shi kuma ya wanke kayan da fetur, ya mayar da kowane noti raminsa yadda ya fito, da tsatsarsa da dattinsa. Bayan sati biyu baƙin mai ya fara tsattsafo ta gefen murfi, mu ce an sayar mana da jabun gasket.

Sau da yawa gasket ba shi da laifi. Jikin injin Boxer ko Jincheng alminiyam ne, noti kuma baƙin ƙarfe. Idan ruwa ya shiga tsakaninsu, na damina ko na wurin wanki, sai alminiyam ya fara cinyewa. Shi ne farin garin nan kamar toka da muke gani a jikin noti. Idan aka ɗaura noti a kan wannan gari, zai yi tauri a hannu tun bai danne murfin ba. Bakanike ya ji sifana ta cije, ya ɗauka ya ɗauru. In kuma ya ƙara ƙarfi, tiredin ramin ne zai zube, domin alminiyam ya fi ƙarfe laushi. Akwai wadda ta fi wannan muni: ramin da ba ya ɓullewa, in mai ya kwanta a ƙasansa aka matse noti a kai, man ba shi da hanyar fita, yana iya tsaga jikin injin. Daga nan sai wurin mai walda, ko sayen wani.

Maganin ba shi da tsada. A zuba kalanzir ko WD-40 a bar shi ya jiƙa. A sami tsohon noti mai lafiyayyen tiredi, a tsaga masa layi a tsaye da zarto, a riƙa shigar da shi ana fitarwa da hannu, yana kwaso dattin. Sannan a hure ramin da iskar mai faci, a kare ido. Mun ga masu garajen sa abin yanka sabon tiredi. Wannan yana cin lafiyayyen ƙarfe, a bar shi sai ta ɓaci.

To me ya sa ba a yi? A ganinmu, mu ne. Muna biyan kuɗin kaya ba musu, amma ladan aiki sai mun yi ciniki kamar muna sayen tumatir. Aikin da ido ba ya gani ba ma ɗaukarsa aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya ƙara matse aljihu, mun sani. Ba kuma wanke makanikai muke yi ba, akwai maganda a cikinsu, akwai wanda shi ma haka ya gani a wurin ogansa. Amma mutumin da muka tsaya a kansa muna ƙirga masa mintuna, ta yaya zai zauna yana bin ramuka ɗaya bayan ɗaya?

Makanikan da ke cikin wannan zaure, ku faɗa mana gaskiya a ƙasa: nawa za mu ƙara muku a kan sauke inji, ku bi mana kowane rami kafin ku ɗaura?