Biri da Daji

A birnin Sakkwato a kan ga mai wasa da biri yana yawo da shi, igiya a ƙugunsa, yara suna biye suna dariya. Amma wurin da ya dace da biri shi ne daji.

Birai masu dogon wutsiya iri-iri ne a Afirka. Biyu daga cikinsu sanannu ne a ƙasar Hausa, watau jan biri da kirka. Kirka ya fi son itatuwan bakin rafi. Jan biri kuwa ɗan fili ne, ya kan yini a ƙasa, da dare ya hau itace ya kwana. Duk cikin birai babu mai gudunsa, gama ya kan yi mil 34 a sa'a guda. Abincinsa ƙaro ne da ƙwari da 'ya'yan itace.

Manoma suna kuka da ɓarnar biri, kukansu kuwa gaskiya ne. Ya kan karya gero, ya tone gyaɗa. To, amma me ke ƙara tura shi gona? Kowace rana ana shigo da itacen wuta da gawayi cikin Sakkwato, kuma daga daji su ke fitowa. In an sare kanya da tsamiya da farar ƙaya, an rushe rumbun biri ke nan. Wanda aka rushe wa rumbu, ai sai ya leƙa na maƙwabci.

Biri ma yana da amfani. Ya kan cika kumatunsa da 'ya'yan itace, ya tafi nesa, ya tofar da ƙwallayen. Da damina waɗansu su tsira. Ta haka ya ke shuka daji ba da fartanya ba.

A kudancin Nijeriya akwai wani ɗan uwansu da ba a samunsa a ko'ina a duniya sai can. Mutanen Lagwa a Jihar Imo sun hana kashe shi tun kakanni, shi ya sa har yanzu yana cikin garinsu.

Saboda haka ya kamata yaro mai hankali ya ƙi sayen ɗan biri, domin sau da yawa sai an kashe uwar kafin a kama ɗan. Ya dasa itace a makaranta, ya ba shi ruwa har ya kafu. In daji ya zauna lafiya, biri zai sami abinci a gidansa, manomi kuma ya sami sauƙi.