Kada Suna Ya Ruɗe Ka Wajen Zaɓen Ironman Ta Farko

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, in taɓa wata gasa da ke haɗa wasanni uku a yini guda. Mutum zai yi iyo na kilomita 3.8, ya fito ya hau keke ya ci kilomita 180, ya sauka ya ɗora da gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.2. Jimla kilomita 226 ke nan, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. A tsibiran Hawai na Amurka aka fara ta a 1978, inda mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Yanzu kuwa ana yin ta a ƙasashe da dama, galibi da sunan Ironman, har ta kai sabon shiga kan rasa wadda zai zaɓa.

A nawa ganin, wanda zai yi ta karon farko ya fara duba inda ya fi rauni kafin ya dubi sunan gari. Mu marubuta mun sha rubuta budurwar da ta zaɓi miji don mota da suna, mun kuma san yadda littafi na uku yake ƙarewa. To haka abin yake a nan.

A fara da ruwa, domin shi ne ba ya wasa. A yawancin gasannin, awa 2 da minti 20 ake ba mutum ya gama iyo, in ya wuce haka an cire shi, ko keken bai taɓa ba. Wanda a kwamin wanka kawai ya koyi iyo, ya sani teku daban ne: ga igiyar ruwa, ga gishiri, ga ɗaruruwan mutane suna shurin juna. A gasar Afirka ta Kudu da ake yi a birnin Gqeberha, wanda a da ake kira Port Elizabeth, mutum biyu sun rasu a sashen iyo a 2019. Ita kuwa Challenge Roth ta Jamus, a cikin mashigin ruwa da aka haƙa ake yin iyonta, ruwa kwance lafiya lau. Sai dai gurabenta kan ƙare cikin 'yan mintoci da buɗe rajista.

Sai keke, wanda shi ke cin fiye da rabin yinin. Gasar Lanzarote a tsibiran Kanari na Sifen ta yi suna wajen iska mai ƙarfi da hawan tsaunuka da jimlarsu ta haura mita 2,000. Wanda duk atisayensa a shimfiɗaɗɗen titi ya yi, me ya kai shi can? Gara ya nemi irin ta Fulorida a Amurka ko ta Basalona, inda hanya take a kwance. Amma kada a ɗauka banza ce, domin kuwa a kwantacciyar hanya babu gangaren da za ka huta, ƙafa na juyawa awa shida ko bakwai, baya da wuya suna kuka.

A kuma karanta dokar lokaci da kyau. An fi sanin awa 17 a matsayin iyaka, alhali wasu gasannin Turai awa 15 ko 16 suke bayarwa. Ga sabon shiga, wannan awa ɗaya ko biyu ita ce tsakanin lambar yabo da komawa gida hannu rabbana.

Daga nan sai kalanda. Ka ƙirga wata shida baya daga ranar gasa, ka ga a wane yanayi atisaye mafi tsanani zai faɗo. Idan makonnin da za ka riƙa yin awa biyar a kan keke sun faɗo cikin azumi, ko tsakiyar zafin bazara, ko lokacin da aiki ya fi yi maka yawa, to wannan gasar ba taka ba ce bana. Aljihu ma yana da ta cewa: kuɗin rajista kaɗai ɗaruruwan daloli ne, ban da biza, jirgi, masauki da dakon keke.

Na san wasu za su ce a bar mutum ya bi abin da zuciyarsa ke so, don sha'awar wurin ce za ta tashe shi da asuba ya fita atisaye. Akwai gaskiya a ciki. Amma sha'awa ba ta kwantar da teku, ba ta kuma rage tsayin tsauni. Ita kanta Kona ta Hawai da kowa ke mafarki, galibi sai ka yi fice a wata gasar kafin a ba ka gurbi. Ka fara gama guda ɗaya lafiya, iyalinka su gan ka ka dawo da ƙafarka, sannan ka nemi mai wuyar. Da rarrafe yaro kan tashi.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.