Mu mayar wa zoɓo da mutuncinsa

Kwanan baya na halarci bukin aure a garinmu Dawce, na ga abin da ya hana ni barci. Uban amarya, manomi ne kamar kowa, sai da ya sayar da buhun gero ya sayo akwatunan lemun kwalba daga Matamaye don manyan baƙi. Zoɓon da matan gidan suka kwana suna dafawa kuwa, aka tura shi bayan gida, aka ce na yara ne da almajirai. Da na roƙi kofi guda, sai wani ya kama baki ya ce: «Haba mushe, kai ma?» To, ni ma ɗin. Kuma ina so mu tambayi kanmu: yaushe abin shan iyayenmu ya zama abin kunya?

A littattafan Faransancin da nake koyarwa akwai kalmar «cocktail de fruits», wato gaurayen ruwan ƴaƴan itatuwa. Ɗalibaina na jin ta kamar wani abu ne da sai a otal ɗin Yamai ko Paris. Alhali uwar da ta haɗa zoɓo da citta da kanumfari da lemun tsami a tukunya guda, wannan gauraye ta yi, ba ta dai ba shi sunan Nasara ba ne. Tsamiya, aya, kuka, goruba, duk muna da su. Rake kuwa, wa zai gaya wa mutumin ƙasar Kance labarinsa, ga shi cike da fadamunmu?

Abin takaici, abin da muke rainawa duniya nemansa take. A Masar da Sudan sunansa karkade, a Senegal bisab, a Meziko kuwa ruwan Jamaika suke ce masa. Daga Jigawa da Kano, nan maƙwabta, ana loda busasshen zoɓo a kai shi har Meziko. Wato mu noma, mu sayar da araha, sannan mu ɗauki kuɗin mu sayi ruwan sukari mai launi. Wannan ai shi ne sayar da akuya ta dawo tana ci maka danga.

Ruwan sukari na ce, kuma ban yi ƙari ba. Gwangwani guda na baƙin lemun nan mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum. Baƙon da ya sha kwalba biyu a wajen buki ya riga ya ƙetare iyaka. Zoɓo kuwa, a 2010 masu bincike a jami'ar Tufts ta Amurka sun nuna cewa shan kofi 3 kullum har mako 6 yana ɗan sassauta hawan jini. Ban ce magani ne ba, kuma in aka cika masa sukari shi ma ya ɓaci. Amma a tukunya, hannunki ne ke auna sukarin, ba injin kamfani ba.

Na san abin da za a ce mini: kwalba a rufe take, zoɓon buki kuwa sau nawa ya kwantar da mutane da ciwon ciki? Gaskiya ne, ba zan musa ba. Sai dai laifin ba na zoɓo ba ne, na ruwan da ake tsarma shi da shi ne, da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, da kofi guda da ke yawo bakin mutum ɗari ana tsoma shi cikin roba. Maganin wannan ba tsada gare shi ba. A wanke zoɓon a fitar da yashi. A tafasa dukkan ruwan da za a sha tare da citta da kanumfari, kada a ƙara ɗanyen ruwa daga baya. A tace da tsabtataccen ƙyalle, a zuba sukari da sauran ɗumi, a rufe. A sa ludayi guda mai dogon hannu wanda ba ya zuwa baki. In za a sanyaya, a tsoma ƙanƙarar cikin ƙullinta, ko a jingina ta jikin mazubin. Kuma a yi na yini a sha a yini, musamman kunun aya, wanda zafin bazara ke tsamantawa cikin ƴan sa'o'i.

Za a kuma ce wahala ce ga mata. Haka ne. To, me ya hana kuɗin akwati guda ya shiga hannun matan unguwa da suka iya aikin, a biya su ladansu? Kuɗin zai tsaya a Dawce: wajen mai zoɓo, mai tsamiya, mai itace, mai dafawa. Sai dai ina roƙonsu su bar ƙulla shi a leda. Tun 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana irin wannan leda, amma dubi filin buki kashegari, awakinmu ne ke cinye ta.

Maganar a ƙarshe ta mutunci ce. Talaka ba don ɗanɗano yake sayen kwalba ba, tsoron bakin mutane ne. Saboda haka gyaran daga sama zai faro: ranar da mai gari, ko liman, ko malamin makaranta ya karɓi kofin zoɓo a gaban jama'a ya sha ya yaba, ranar uban amarya zai daina taɓa rumbunsa. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai na yi alkawari, ranar auren ɗiyata babbar tukunya za ta zauna a tsakar gida, ba a bayansa ba. Allah ya sa mu gane.